Ɗauko Maigida Daga Hayin Kogi

Sai da na yi aure har na yaye ƴata ta fari kafin na ga kogi da idona. Mu mutanen Gure ba mu san ruwa mai tafiya ba. Namu na rijiya ne, sai tabkin damina da ke ƙafewa kafin a gama sussuka, sai damshin kwari inda ake dasa albasa a gindin dabino. In aka ce ruwa ya ci mutum, a wurinmu rijiya ake nufi.

Maigidana fatauci yake yi da takarkarai, shanun ɗaukar kaya. Yakan loda kanwa da gishirin manda ya bi ayari zuwa kudu, cikin ƙasar Ingilishi. A shekarun nan jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Nguru ba, kaya na tafiya, duk mai sa ɗaya ko biyu ya zama falke. Daga Nguru sukan zarce wani ɗan gari a hayin Komadugu su sayi bandar kifi, su juyo gida kafin shuka. A wannan shekara ayari ya dawo bayan ruwan farko babu shi. Madugun ya zo har zaure ya gaya wa surukina cewa kurkunu ya fito masa a ƙafar dama, ba ya iya takawa. Sun bar shi a gidan fatoma, mai saukar da fatake, tare da sa ɗaya da zai hau in ya ji sauƙi. Ɗayan san suka koro mana shi da kayan. Madugu ya ce kwana goma ne, in ya yi yawa ashirin.

Wata biyu suka wuce. Gero ya yi ciki, ni da surukata muka yi noma na biyu mu kaɗai, don ƙanen maigida yana wurin aikin hanyar mota, inda ake shimfiɗa kaba a kan rairayi saboda kamiyo, babbar motar kaya da ke zuwa daga Damagaram. Sai ran nan da hantsi bulama, mai garinmu, ya zo. Ina daka a tsakar gida, muryarsa na tsallako zana. Ya ce in sabon wata ya tsaya za a sauya masu aikin hanya, kuma layi ya zo kan maigidana. Ya ce mutane da yawa sun tsallaka kudu ba su dawo ba, kumandan ya fusata, duk wanda aka kira ba ya nan gudu za a ce ya yi, kuma uban gidan, wato surukina, za a kama.

“Ni na san ba gudu ya yi ba,” in ji bulama. “Amma ba ni ke riƙe da takarda ba.”

Kwana biyu bayan haka wani bafatake ɗan Bune ya biyo ta garinmu, ya ce ya ga maigidana. Kurkunun ya zama uku, ya rame, kuma kogi ya kawo ruwa.

Surukina, wanda nake kira Baba, mutum ne mai ƙarancin magana. Maigidana ɗan farinsa ne, saboda haka bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba. Ranar bai ci tuwo ba. Washegari ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna, surukata, ya ce:

“Zan je in ɗauko san nan. Ba na barin sa mai ƙarfi a hannun baƙi.”

Da ya fita na durƙusa kusa da ita na ce, “Inna, wa zai wanke masa ƙafa a hanya? Wa zai dama masa abin sha? Baba?”

“Ke kin san nisan wurin?”

“Ban sani ba.”

“Yarinyar fa?”

“Tana cin tuwo. Kuma ta fi son bayanki da nawa.”

Ita ta kai masa maganar, don ni ba na iya ɗaga ido in dube shi, balle in roƙe shi wani abu. Ban ji abin da suka faɗa ba. Na dai ga an ƙara salkar ruwa ɗaya a kayan.

Kwana bakwai muka yi a hanya. Baba yana gaba riƙe da igiyar san da ya dawo, ni ina baya da ƙwarya a kai. A kwana bakwai ɗin nan bai yi mini magana kai tsaye ko sau ɗaya ba. Da san yake magana. Sai ya ce masa, “Za mu huta a gindin aduwar can,” in ji, in je in sauke kaya. Ko ya ce, “Da akwai fura da an sha,” in dama in ajiye a inda hannunsa zai kai, in koma bayan itace. Ni ma in ƙaya ta soke ni, sai in ce wa san ya tsaya. Rijiyar da aka ce dogaran kumandan, waɗanda ake kira gardi, kan tare mutane a kanta mun kewaye ta, muka ƙara rabin yini cikin tuddai, ruwan salka ya kusa ƙarewa. Inda ƙasar Faransi ta ƙare ta Ingilishi ta fara ban ga alamar komai ba. Sai wata mata a bakin rijiya ta tambaye ni ko mu mutanen Faransi ne, na gane mun tsallaka.

A rana ta bakwai rairayi ya ƙare. Muka shiga wata fadama mai baƙar ƙasa, laka har idon sawu, ciyawa ta fi ni tsawo, sauro da rana tsaka. San ya dinga cijewa. Tun ba mu ga komai ba na fara jin wani irin ƙara, kamar iska a cikin karan dawa amma ba ya yankewa. Muka hau wani ɗan tudu, sai ga shi.

Ja ne, kamar kunun kanwa, kuma duka tafiya yake yi. Wannan ya fi ba ni tsoro. Na ga wani reshen itace da ganyensa ya wuce ta gabanmu, kafin in sauke ƙwaryata ya ɓace. A hayi ga garin can a kan gaɓa, ƴan ɗakunan ciyawa da na soro biyu ko uku, da wata babbar tsamiya. Ana ganin mutane amma ba a gane fuska.

Baba ya zauna a ƙasa. Ba shimfiɗa, ba komai, ya zauna kawai.

A kan tudun akwai rumfa, da maza uku suna gyaran komar kamun kifi. Babbansu ya taso, wani gajere mai faɗin ƙirji, mai farin gemu. Shi ne mai fito. Ya gaishe mu da Barbarci, ya ji bakinmu ya koma Hausa. Daga bakinsa na fara sanin yadda garin nan yake. Da rani, in ji shi, kogin rairayi ne, yara na wasa a cikinsa, ayari na ratsawa, har mota kan zo daga Nguru ta kwashi kifi da fata. In ruwa ya zo sai hanyar mota ta mutu, ta kudu ma ta nutse, garin ya zama ba shiga ba fita sai ta hannunsu. Kwale-kwale ɗaya ne a garin, kuma ga shi can kife a hayi, cikinsa ya tsage ana ɗinkinsa.

“To da me ake haye?” in ji Baba. Muryarsa ta sauya.

Mai fito ya nuna wasu manyan goruna biyu, kowane ya kai tukunyar rini, an ɗaure su a kan wata sanda, ɗaya a kowane kai. Mutum kan hau sandar kamar doki, ƙafafunsa a ruwa, mai iyo ya tura shi.

Baba ya dubi gorunan ya daɗe. Sannan ya juya ga san ya ce, “Ba a barin dabba ita kaɗai a wurin da ba a sani ba.”

Ya ƙanƙame igiyar, ya ja da baya daga bakin ruwan. Mutumin da na san ya taɓa shiga rijiya gaba ashirin ya fito da akuya a kafaɗa. Na kau da kai don kada ya san na gani. Na ce wa mai fito, “Ni zan haye.”

Na ɗaure zanena tsakanin ƙafafu, na aza ƙullin garin gero da dabino a kai. Da ruwan ya taɓa cinyata na ji sanyinsa har haƙori. Wani dogo daga cikinsu ya kama sandar ta baya, ya ce kada in dubi ruwa, in dubi tsamiya. Na dubi tsamiya, sai na ga tana gudu zuwa dama. Na yi ihu. Ya yi dariya ya ce haka ake yi, ba a ratsa ruwa a miƙe, sai a bar shi ya ja mutum yana tsallakawa a hankali. Can ƙasa da gari muka fita, cikin laka. Na zauna na yi amai.

Gidan fatoma yana kusa da kasuwa, kasuwar kuwa babu kowa sai kaji, rumfuna a kwance. Ko'ina warin kifi da hayaƙi. Matar fatoma, wata doguwa mai zane a kumatu, ta kai ni wani ɗan ɗaki a bayan garke. Na yi sallama. Aka amsa da wata murya da ban sani ba.

Yana kwance a kan tabarma, ƙafar dama a kan turmi da aka kwantar. Ƙashin wuyansa duk a waje. Ya dube ni kamar ba mutum ya gani ba.

“Ke? Da wa kika zo?”

“Da Baba. Yana hayi.”

Ya rufe fuska da hannu. Na bar shi, na duba ƙafar. Biyu daga cikin kurkunun sun riga sun fita, wurin ya bushe. Na ukun yana saman idon sawu, fari siriri kamar zaren kaɗi, an naɗe abin da ya fito a kan wani ɗan tsinke, an ɗaure tsinken da tsumma a ƙwauri. Matar fatoma ce ke naɗe masa kullum da safe. Ta nuna mini yadda ake yi: a zuba ruwa, a jira, a murza tsinken kaɗan, da ka ji ya cije ka bari.

“In ya tsinke ya koma ciki,” ta ce, “ƙafar za ta kumbura kamar wannan turmin. Na ga wanda ya rasa ƙafa a haka. Ki bar shi nan har ya gama fita.”

“Kwana nawa?”

“Shi ya sani. Wani kwana goma, wani wata guda.”

Na gaya musu maganar bulama. Na lissafa da yatsu: saura kwana goma sha shida wata ya tsaya, hanya kuma da mara lafiya za ta ci tara ko goma. Fatoma, wani tsoho mai carbi a wuya, ya ce mu jira kwale-kwale, gobe za a gama ɗinki, a kwantar da shi a ciki ƙafarsa ba za ta motsa ba.

Gobe ta yi, ba a gama ba. Igiyar ɗinkin ta ƙare, sai an murza wata. Jibi aka tura shi ruwa, ya sha ruwa har rabi tun bai bar gaɓa ba, aka sake jawo shi. Kullum da safe in naɗe tsinke, in dama kunu, in tafi gindin tsamiya in tsaya. A hayi ina hango Baba, farar riga a kan tudu, kusa da san. In ɗaga hannu. Shi ma ya ɗaga sandarsa. Abin da muke iya yi ke nan. Nakan ba masu fito tuwo su kai masa, su dawo su ce ya tambaya ko san da ke wannan hayin yana cin ciyawa.

Akwai wani kututture a bakin gaɓa da mata ke aza wanki a kai. Ranar da na zo yana tudu. A rana ta uku ruwa na lasar gindinsa. A ta huɗu babu shi. Ranar mai fito ya same ni a gindin tsamiya, bai yi dogon gaisuwa ba.

“Ƴar nan, fadamar da kuka ratso ta fara cika. Jiya laka, yau ruwa har gwiwa a wurare. Bayan kwana biyu sa ba zai bi ta ba, sai bayan wata biyu ko uku. Tudun da tsohonku ke zaune zai zama tsibiri. Ko ya hayo nan ku zauna duka, ko ku haye can ku tafi. Amma yau ko gobe.”

“Kwale-kwalen fa?”

Ya tofar da yawu. “Kada ki sa shi a lissafi.”

Ya ce suna iya haɗa goruna shida, su shimfiɗa kara da tabarma a kai, a kwantar da mutum. Haka suke hayar da buhuna da gawa. Da ya ce gawa sai ya ga fuskata, ya ce da amare ma.

Na koma na gaya wa maigida. Ya ce mu tafi. Matar fatoma ta ce hauka ne. Fatoma ya ce a tambayi uban yaro. Na ba mai fito saƙo ya kai, na tsaya ina kallonsa har ya isa tudun, na ga ya tsuguna gaban Baba. Suka daɗe. Sannan na ga abin da ban zata ba. Farar rigar ta miƙe, ta gangaro bakin ruwa, aka tuɓe ta aka naɗe a kai.

Mutanen garin suka taru suna kallo. Baba ya rungume goran gaba da hannu biyu, idonsa a rufe, bakinsa na motsi tun daga can har nan. Da aka fito da shi bai tsaya ya sa riga ba. Ya ce, “Ina ɗakin?” Ni ya tambaya. Wannan ne karo na farko da ya dube ni ya yi mini magana tun da aka kawo ni gidansa.

Ya shiga ya tsaya a kan ɗansa. Maigida ya yunƙura zai tashi ya gaishe shi, Baba ya danna masa kafaɗa. Ya tsuguna ya duba tsinken, ya taɓa ƙwaurin da bayan hannu, ya daɗe hannun na wurin. Ya ce, “Ka rame.” Sannan ya fita ya je ya duba san.

Da ya dawo ya zauna a ƙofa ya ce mu zauna nan har kurkunun ya gama fita, in an kama shi a Gure ba komai, tsoho ne, me za su yi da shi. Maigida ya ce shi ba zai kwanta a nan ana ɗaure ubansa a bariki ba. Baba ya juyo wajena, bai dube ni sosai ba, ya ce:

“Ke ce ke naɗe abin nan. Kina iya riƙe shi a kan ruwa?”

Ban san ko ina iyawa ba. Na ce ina iyawa.

Washegari da hantsi aka haɗa gorunan. Aka fara hayar da san, mutum biyu na iyo a gefensa, ba abin da ake gani sai hanci da ƙaho. Sannan aka ɗauko maigida a kan ƙyauren kara aka kwantar. Na zauna a wajen ƙafafunsa, na aza ƙafar a cinyata, na rufe tsinken da tafin hannu. Matar fatoma ta shafa man shanu a wurin, ta ce, “Kada ki matse, kada ki saki.” Baba zai biyo baya a kan nasa goran. Mutum huɗu suka kama mu, biyu gaba biyu baya.

Ruwan ya fi na ranar da na zo ƙarfi, har ni na gane. Muna kaiwa tsakiya masu fito suka daina Hausa, suka koma yarensu da ba na ji, suna magana da sauri. Na ɗaga kai na ga dalili. Wani tarin ciyawa da kara, faɗinsa ya kai ɗaki, yana gangarowa kanmu. Na gaba suka ja, na baya suka tura, amma gefensa ya same mu. Muka juya kamar faifai. Gora ɗaya ya kuɓuce daga ɗaurinsa ya tafi, kusurwar da nake zaune ta nutse, ruwa ya hau har ƙuguna. Ƙafar ta zame daga cinyata ta shiga ruwa, na bi ta da hannu biyu, ban riƙe komai ba sai ita. Na ji wani ya cafki zanena ta baya. Maigida na cewa, “Saki ƙafar ki kama kara! Saki!” Ban saki ba. Ba jarunta ba ce, hannuna ne ya ƙi buɗewa.

Mai fito ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin kusurwar a madadin goran, kansa na nutsewa yana fitowa, haka ya ɗauke mu har ƙafafun na gaba suka taɓa ƙasa. Nesa da tudun muka fita, cikin ciyawa. Na buɗe hannuna a hankali. Tsinken na nan, zaren bai tsinke ba, har ma ya ƙara fitowa kamar tsawon ɗan yatsa saboda sanyin ruwa. Mai fito ya kwanta a laka yana tari. Baba da ya iso ya kwance rawaninsa ya ba shi, da sauran dabinon da muka zo da shi.

Fadamar ta ci mana yinin nan duka. Maigida a kan sa ɗaya, ƙafarsa a rataye cikin zane da na ɗaura a wuyan san, Baba na gaba yana gwada zurfi da sanda, ruwa wani wuri har cibiya. Da la'asar muka taka rairayi. Na ɗauka mun gama da wahala.

A rana ta uku, a kan hanya mai kyau, ba ruwa ba laka, wata fara ta tashi ta bugi san a ido. Ya yi tsalle ɗaya. Tsumman ya kama a ƙayar wata ƴar itaciyar farar ƙaya, na ji maigida ya ja numfashi. Da na duba, tsinken na lilo a jikin ƙaya da ɗan farin zare, sauran ya koma ciki.

Kafin washegari ƙafar ta kumbura har gwiwa, jikinsa kamar garwashi, yana kiran sunayen shanun da aka sayar tun yana yaro. Muka kai shi wani ƙauyen Mangawa mai gida bakwai ko takwas. Wanzamin ƙauyen ya duba ya ce sai ta nuna. Kwana biyar muna jira, ina gasa ƙafar da tsumma da ruwan zafi da kanwa. A na shida ya tsaga, Baba ya danne ƙirjin, ni na danne ɗayar ƙafar. Abin da ya fito ya cika ƙaramar ƙwarya. Daga nan zazzaɓin ya fara sauka. A ƙauyen nan muka ga sabon wata, muna tsaye a bakin rijiya ni da Baba. Ya dube shi ya yi addu'a, ya ce mini, “Ɗebi ruwanki mu koma.”

Mun shiga Gure wata na da kwana takwas. Baba bai bi ta gida ba. Ya ja san kai tsaye zuwa ƙofar bulama, maigida a kai. A can muka ji cewa gardi ya zo sau biyu, da bai sami namiji a gida ba sai aka hana ƙanen maigida sauka daga aikin hanya, aka ƙara masa wani watan a madadin wansa. Bulama ya raka mu bariki. Gardin ya fito, Baba ya kwance tsumman ƙafar a gabansa. Gardin ya toshe hanci, ya shiga ciki, ya fito ya ce mu tafi.

Ƙanen ya dawo bayan an gama girbi, kafaɗunsa duk kanta, ya daɗe ba ya shiga ɗakin wansa. Inna ce ta yi ta shiga tsakani har suka koma cin abinci a akushi ɗaya.

Ƙafar ta warke amma idon sawun ya sandare, bai ƙara lanƙwasawa ba. Maigida bai sake bin ayari ba. Da sanyi ya shigo Baba ya ba shi rabin garkarsa, lambunsa da ke kwari, da dabino huɗu. Shekarar farko albasar ba ta yi ba, don bai san shayarwa ba, yana cika mata ruwa. Ni na san aikin tun a gidanmu, saboda haka nakan goya abincinsa in bi shi da hantsi, yana jan guga a zaune a bakin rijiya, ina buɗe fangali ina rufewa, ƴarmu na tsinke ganyen albasa tana ci, muna hana ta.